Yadda ake sarrafa dandeliyon: kwaɗo, fate, shayi da man shafawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda hoton furen nan mai ruwan ɗorawa ya fara yawo a WhatsApp ana cewa wai yana wanke hanta yana narkar da tumbi har ciwon kansa, wato ciwon daji, ma yana kashewa, tambayar da ake ta yi dai guda ce, ina za'a same shi a Kaduna kuma ya ake amfani dashi. Toh bari in faɗa tun yanzu kar mu ɓata wa juna lokaci, dandeliyon ganyen ci ne mai ɗaci, danginsu ɗaya da latas da shuwaka, kuma amfaninsa a tukunya yafi amfaninsa na magani nesa ba kusa ba. Yana da ɗan aikin magani kam, yana sa fitsari, yana sa mutum yaji marmarin abinci, yana rage kumburin ciki bayan an ci an ƙoshi, amma ba wani abin mamaki bane. Duk wadda ta iya samo mai tsafta kuma ta iya rage masa ɗaci ta gama rabin aikin, sauran duk mai sauƙi ne.

Ki fara sanin wanne ne a hannunki

Dandeliyon na ainihi, wanda masana suke kira Taraxacum officinale, ɗan ƙasashen sanyi ne, asalinsa Turai da Asiya daga baya ya bazu har Amurka. A can ciyawa ce da ta addabi mutane, kuɗi suke kashewa suna fesa mata magani a farfajiyar gidajensu, mu kuma nan ana sayar mana da ita a kwali da tsada, ikon Allah. Ganyensa a ƙasa yake kwanciya ya zagaye gindin, gefensa a tsattsage, tsinin yana kallon baya wajen gindi. Sandar furen ba ta da reshe ba ta da ganye, fure ɗaya tal ne a kanta, in kika karya zaki ga cikinta rami ne kuma farin ruwa mai danƙo zai fito. In furen ya tsufa sai ya koma farin dunƙulen gashi da iska ke kwashewa. Saiwarsa guda ɗaya ce doguwa mai nutsewa ƙasa, baya ruwan ƙasa ciki fari.

Wanda yake fitowa da kansa a wajenmu da damina kuwa yawanci ɗan uwansa ne, Launaea taraxacifolia, Yarbawa suna ce masa yanrin, a Gana ma dandeliyon ɗin suke kiransa kai tsaye shi yasa ake yawan rikita su. Shi wannan in ya girma yana miƙewa sama har ya wuce ƙugun mutum, yana yin rassa, furanninsa ƙanana ne da yawa. Shima yana da farin ruwan, shima da ɗaci, kuma ganye ne na miya da aka daɗe ana ci a kudu maso yamma da Benin da Gana. Don haka duk abinda zan faɗa na girki, ki yi da kowanne kika samu. Amma awon shayi da gasa saiwa, wannan na dandeliyon na ainihi ne, don shi aka yi bincike a kai aka fitar masa da ƙa'ida.

Inda ake samu: yanrin ki tambayi matan Yarbawa masu sayar da ganye, a Kasuwar Sheikh Gumi ko Kakuri ko Sabon Tasha, in babu ranar ki bar sallahu. Na ainihin kuma busasshe ake kawowa, ganye ko saiwa ko fure, a manyan shaguna da wajen masu kayan shayi na ganyayyaki. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ranar lalacewa, ki juya bayan kwalin ki karanta ko shi kaɗai ne a ciki. Da yawa daga shayin rage ƙiba da ake lika wa hoton furen nan cakuɗe suke da ganyen senna mai sa gudawa, mutum ya kwana yana zarya banɗaki yace ai magani ne ke aiki.

In kuma tsinkowa zaki yi da kanki, dan Allah banda bakin kwata, banda gefen titi, banda bola, banda gonar da aka yi wa feshin kashe ciyawa. Ganye ne mai zuƙar duk abinda ke ƙasar da ya tsiro. Kuma in baki tabbatar da shi bane ki bari, ciyayi masu farin ruwa da fure ruwan ɗorawa suna da yawa kuma ba duka ake ci ba.

Mai son shukawa

Na ainihin yana yi a buhu ko bokiti mai zurfi, ki huda ƙasan don ruwa ya riƙa fita. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ɗan yashi. Irin ƙanana ne sosai kuma yana son haske kafin ya tsiro, don haka ba binnewa ake ba, barbaɗawa zaki yi a sama ki ɗan danna da tafin hannu ki yayyafa ruwa. Cikin sati ɗaya zuwa uku zaki ga ya fara leƙowa. Lokacin da yafi dacewa a nan shine ƙarshen damina zuwa hunturu, daga Oktoba, ki aje inda zai sha ranar safe ya samu inuwa da azahar. Zafin Maris da Afrilu baya masa daɗi, ganyen yakan yi tauri ɗacin ya ninka. Kar kuma ki damu in bai yi fure ba, yakan so ya sha sanyi sosai kafin yayi, ganyen dai zaki samu. Yanrin shi ba ruwansa da wannan iyayin, guntun saiwarsa kawai zaki binne ya tashi.

Wata dabara ta mutanen Faransa, su da suke cinsa ɗanye: saura kamar sati ɗaya a tsinka sai a kifa masa tukunya ko bokiti mai duhu, rana ta daina taɓa shi. Ganyen zai yi fari-fari yayi laushi, ɗacin ya ragu sosai.

Wanki da rage ɗaci

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke yin fushi da ganyen su ce ba zai ciwu ba.

Ki zaɓi ƙananan ganye na tsakiya, waɗanda basu wuce tsawon tafin hannu ba, kafin ya fara fure. Manya na waje ki ware su na shanya ne. Da safe ake tsinka kafin rana ta buɗe. Farin ruwan zai taɓa miki hannu ya bar tabo ruwan ƙasa, ba komai bane yana fita da sabulu da ɗan mai, amma mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta sa safar hannu. Roba ce fa a cikin ruwan nan ta gaske, lokacin yaƙin duniya na biyu Tarayyar Sobiyet ta noma wani ɗan uwansa don samun robar taya, yanzu ma kamfanin Continental na Jamus yana yin tayar keke da ita.

Ki cika roba da ruwa ki zuba gishiri babban cokali ɗaya, ki zuba ganyen ki barshi minti goma. Sai ki tsame da hannu zuwa wata robar, kar ki tsiyaye ruwan ta kansa don yashin da ya kwanta ƙasa zai koma ciki. Ki sake ruwa har sai kin shafa ƙasan robar baki ji tsakuwa ba. Wajen gindin ganyen nan ƙasa ke maƙalewa, ki bi da yatsa.

Yanzu ki ɗora ruwa mai yawa, ba ɗan kaɗan ba, don ɗacin cikin ruwan yake fita, ruwa kaɗan zai maida masa abinsa. In ya tafasa sosai ki sa gishiri ki zuba ganyen, tukunya a buɗe. Zaki ga ya kwanta nan take, launin ya ƙara kore shar, ruwan kuma ya fara komawa ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗan kumfa a gefe. Minti biyu zuwa uku ya isa. Ki ciro ganye ɗaya ki tauna wajen jijiyar tsakiya, nan ɗacin yafi taruwa. In ɗacin irin wanda yake wucewa ne ya bar baki wasai, ya yi. In irin mai kama maƙogwaro ne, ki zubar da ruwan ki sake wani tafasasshe minti ɗaya. Ki tsame ki jefa cikin ruwan sanyi, sannan ki matse da hannu biyu har ya zama dunƙule, ki yanka.

Kar ki sa kanwa. Nasan hannunmu ya saba, amma wannan ganyen bai da taurin da zai buƙace ta, zata dagargaza shi ne kawai ta kashe bitamin C ɗin da ya rage. Kuma kar ki yi ta wanke shi kina murzawa har ɗacin ya fita tas, in ya fita gaba ɗaya dusa kika dafa. Ɗan ɗacin nan shine yake tsinka yawu ya motsa ciki, shine ma dalilin cin ganyen. Abubuwa uku ne ke danne shi a baki, mai da tsami da gishiri, duk girkin da ke ƙasa a kansu ya dogara.

Ga abinda ke ciki don masu son lissafi: giram 100 na ɗanyen ganyen na ainihi yana da kalsiyam miligiram 187, sinadarin ƙarfe miligiram 3.1, fotasiyam miligiram 397, bitamin C miligiram 35, sai bitamin K wajen maikirogiram 778, wanda ya ninka abinda babba ke buƙata a rana fiye da sau shida. Ki riƙe wannan na ƙarshen zamu dawo kansa.

Kwaɗo

A ganina babu inda ganyen nan yake zama daidai irin kwaɗo, don ƙuli ya haɗa mai da gishiri da gardi waje ɗaya. Ranar farko kar ki yi shi zalla, mutanen gida zasu gudu. Ki haɗa kashi ɗaya dandeliyon kashi biyu dafaffen zogale, in rama kika fi so ma yafi don tsaminta na taimakawa.

Ki daka ƙuli kofi ɗaya da yaji da dunƙule ɗaya da ɗan gishiri, yayi laushi amma ba gari lilis ba. Ki yanka albasa babba ɗaya siriri, tumatir biyu masu tauri, tattasai ɗaya. Ki soya man gyaɗa babban cokali uku da 'yar albasa har tayi ja, ki sauke ya ɗan huce. Ki warware ganyen a faranti mai faɗi don matsar da kika yi ta dunƙule shi, ki barbaɗa garin ƙulin ki cakuɗa da hannu har kowane ganye ya samu, in yayi bushewa ki yayyafa ruwan ɗumi cokali biyu. Sai man, sai albasa da tattasai, sai ki matse rabin lemun tsami. Tumatir a ƙarshe don kar ya saki ruwa. Ki rufe ki barshi minti goma kafin a ci, wannan jiran yana da muhimmanci, ƙulin yana shan ruwan ganyen ɗacin ya kwanta. Da garin kwaki ko dambu ko haka nan ma ya wadatar.

Fate, miya da ƙwai

Mu da muke jefa gauta a fate da gangan don ɗacinta, wannan ba baƙon abu bane. Faten tsaki ko na acha, ki yi yadda kika saba, jajjage da daddawa da gyaɗa da yakuwa, sai ki rage gautar ko ki cire ta, saura minti biyar ki sauke ki zuba yankakken dandeliyon da kika riga kika tafasa, cikin hannu ɗaya ga tukunyar mutum biyar. Tsamin yakuwa da shi suna shiri sosai.

Miyar agushi ma haka, ki maye gurbin shuwaka dashi, bayan agushin ya soyu mai ya taso. A taushe kuma ki haɗa da alayyahu, zaƙin kabewa zai rufe shi. Na safe mai sauri, ki soya albasa da attaruhu da tafarnuwa, ki zuba ganyen ki juya minti biyu, ki fasa ƙwai uku a kai.

Furen ma ana ci, a cire koren gindin don nan ɗacin yake, a tsoma a kwaɓin fulawa da ƙwai a soya. Amma samun ɗanyen fure da yawa a nan sai wanda yayi sa'a, ba zan tsaya a kai ba.

Kafin a zo shayi, waɗanda zasu yi hankali

Cin ganyen a miya lokaci-lokaci abu ɗaya ne, shan shayinsa kullum a matsayin magani wani abu ne daban.

Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, wannan bitamin K ɗin da na ce ki riƙe shine yake rage masa ƙarfi, kar ta fara cin ganyen da yawa sai likitanta ya sani. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya, ko mai shan maganin hawan jini irin masu sa fitsari musamman spironolactone, fotasiyam zai iya taruwa a jini kuma wannan ba wasa bane, yana taɓa bugun zuciya. Mai tsakuwa a matsarmama ko toshewar hanyarta, mai ciwon hanta da ake kan magani, mai olsa da ta tashi, duk su bar shayin. Mai ciwon suga da ke shan magani ta riƙa gwada sugarta, kuma kar ta ajiye ƙwayarta saboda ganye. Mai shan lithium na asibitin ƙwaƙwalwa shima a'a. Sai cipro ɗin nan da muke sha kamar me da an ce taifod, sinadaran da ke ganyen suna iya hana jiki zuƙarsa yadda ya kamata, ki dakata da shayin har ki gama maganin. Mai ciki, mai shayarwa, da yaro ƙasa da shekara 12, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai bata bada shawarar su sha ba. Wadda kuma take borin jini in ta taɓa furanni irin su kamomil, ta kiyayi wannan ma, gidansu ɗaya.

Maganar kansa kuwa, ga asalinta. A jami'ar Windsor ta ƙasar Kanada an gwada ruwan saiwar a kan ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji da kuma jikin ɓeraye aka ga alamu masu kyau, shikenan sai masu neman a danna musu labari suka maida shi wai yana kashe ciwon kansa cikin awa 48. Babu binciken da ya nuna yana warkar da mutum. Mai jinya ta ci gaba da zuwa asibitinta, in tana son kwaɗon taci don daɗinsa.

Abinda aka yarda dashi a hukumance, a Jamus da sauran Turai, shine yana taimakawa wajen rashin cin abinci, kumburin ciki da rashin narkewar abinci marar tsanani, da ƙara fitsari. Ko na fitsarin ma gwajin da aka yi wa mutane a 2009 mutum 17 ne kacal, an dai ga fitsarinsu ya ƙaru a ranar. Kinga kenan wadda ta hau sikeli taga kilo ɗaya ya tafi bayan kwana biyu, ruwa ne ya fita ba kitse ba, tana shan ruwa zai dawo.

Shanya da shayin ganye

Ki wanke ganyen kamar yadda na faɗa amma banda tafasawa, ki tsane shi, ki baza a faifai ko tire kar ya hau kan juna. A inuwa ake shanyawa inda iska ke ratsawa, rana tana cinye launin da ƙamshin. Da hunturu kwana uku zuwa huɗu ya bushe, sai dai ki rufa masa gidan sauro ko siririn mayafi saboda ƙura. Da damina kam sai an dage ana juyawa, in kika ga baƙin ɗigo ko kika ji warin gumi ya yi fumfuna, ki zubar kar ki ji tausayinsa. Alamar ya bushe shine ki murza ya farfashe har jijiyar tsakiyar ta karye ƙas, in ta lanƙwashe da saura. Kwalba mai murfi, cikin kabad, zai kai shekara.

Awon da ke rubuce na manya giram 4 zuwa 10 ne na busasshen ganye, har sau uku a rana. Ni dai shawarata ki fara da babban cokali ɗaya a kofi ɗaya sau ɗaya a rana ki ga yadda jikinki zai karɓa. Ki zuba tafasasshen ruwa a kai, ki rufe da faranti minti goma, ki tace. Na'a-na'a ko lemun tsami ko 'yar zuma suna gyara shi.

Ki sha da safe ko da rana. In kika sha da dare ke da barci sai dai wani ikon Allah. Kar ki sha ranar da zaki hau motar Abuja ko Kano, direba ba zai tsaya miki sau uku ba. Da azumi kuma banda sahur, musamman in ya faɗo cikin zafi, ruwan da kike tattalinsa zaki zubar kafin hantsi. Kuma duk mai shansa ta ƙara shan ruwa.

Saiwa

Ita tafi ganye aiki a wajen ciki. In taki kika shuka ki barta ta kai wata shida ko fiye, ki jiƙa ƙasar tun dare, da safe ki zazzage buhun gaba ɗaya maimakon ja, don tana karyewa. Guntun da ya rage a ƙasa zai sake tsirowa, wannan ma riba ce. Ki goge ta da tsohon buroshin haƙori a cikin ruwa, ba'a fere bawon. Ki yanka ƙanana daidai girman ƙwayar wake tun tana ɗanya, in ta bushe wuƙa bata shigarta. Shanyarta tafi ta ganye daɗewa, sati ɗaya zuwa biyu.

Dafawa ake yi ba jiƙawa ba. Ƙaramin cokali ɗaya a ruwa kofi ɗaya da rabi, in ya tafasa ki rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali minti goma zuwa sha biyar, ki tace. Awon manya giram 1 zuwa 5 ne, sau biyu ko uku a rana. Mai neman cin abinci ta sha rabin awa kafin abinci kuma kar ta cika zaƙi, ɗacin a harshe shine aikin. Mai kumburin ciki ta sha bayan abinci. Akwai wani sinadari a saiwar da ake kira inulin, abinci ne ga ƙwayoyin halitta masu amfani na hanji, amma farkon farawa yana sa tusa da ƙugin ciki, in yayi yawa ki rage. In an yi sati biyu abinda ake sha dominsa bai sauya ba, asibiti za'a je.

Gasasshiyar saiwa kuma ita ce abin sha mai kama da gahawa amma babu sinadarin kafeyin mai hana barci a ciki, ga maigidan da likita ya hana shi Nescafe. Ki ɗora kaskon ƙarfe mai kauri babu mai, wuta ƙasa-ƙasa, ki zuba busasshiyar saiwa kar ta wuce shimfiɗa ɗaya, ki riƙa juyawa da muciya ba tsayawa. Minti biyar na farko warin ƙasa kawai zaki ji kamar ba abinda ke faruwa. Daga nan farin cikin zai fara komawa ruwan zuma, wani siririn hayaƙi ya fara tashi, ƙamshin ya juya ya koma mai zaƙi-zaƙi har na ɗaki ya leƙo yana tambayar me ake toyawa. Nan ne zaki tsaya a kai da ido, don tsakanin ya yi da ya ƙone bai fi minti ɗaya ba. In ya zama ruwan ƙasa mai duhu ki ɗauki ɗaya ki fasa, in cikin ma ya yi duhu har tsakiya ki juye a tire nan take, kar ki barshi a kaskon don zafin ƙarfen zai ci gaba da cinsa. Duka-duka minti goma zuwa sha biyar ne. Wanda ya yi baƙi ƙirin gawayi ne, ki tsince shi.

In ya huce ki daka a turmi sama-sama. Babban cokali ɗaya a kofi biyu na ruwa, da 'yar citta da kanumfari biyu da guntun kirfa, ya dahu minti goma, a tace a sa madara. Da sanyin Disamba yana da daɗi ba kaɗan ba.

Man shafawa

Gaskiya a nan yawancin aikin man kaɗe ne da man da kika jiƙa furen a ciki suke yi, furen yana ƙara launi da ɗan ƙamshi, kuma Turawa sun daɗe suna shafa shi don bushewar fata da gajiyar gaɓoɓi. Baya sa fari, baya hana rana ƙona fata, duk wadda ta ce miki haka kasuwarta take ci. Amma ga faso da kaushi da bushewar hannu na hunturu, haɗin yana da kyau.

Busasshen fure zaki yi amfani dashi. In ɗanye kika samu ki baza shi kwana biyu ko uku ya saki ruwansa, ɗanyen fure a cikin mai ruɓewa yake. Ki samu kwalba busasshiya ƙarau, ki zuba furen zuwa rabi, ki zuba man zaitun ko man kwakwa ko man riɗi har ya shanye kansa da kamar yatsa biyu. Ki soka tsinke ki fitar da iskar da ta maƙale, ki rufe, ki aje waje mai ɗumi ba cikin rana ba sati biyu zuwa huɗu kina girgizawa in kin tuna. Mai sauri kuma ta zaunar da kwalbar a buɗe cikin tukunya mai ruwa zuwa rabinta, ƙaramar wuta awa biyu zuwa uku, ruwan yayi zafi amma kar ya tafasa, kuma ko ɗigo kar ya shiga man. Ki tace da tsumma mai tsafta ki matse.

Haɗin: man furen babban cokali takwas, man kaɗe cokali huɗu, kakin zuma cokali biyu, masu sayar da zuma suna dashi in kin tambaya. Ki sa kakin da man furen a kwano ki ɗora kan ruwan zafi har kakin ya narke, ki sauke sannan ki sa man kaɗen ya narke da sauran zafin, in ya sha wuta da yawa yakan yi tsaki-tsaki in ya daskare. Ki ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ki jira minti ɗaya ki taɓa, in yayi ruwa ki ƙara kaki, in yayi tauri ki ƙara mai. Da zafi a ɗan ƙara kakin don kar ya narke a jaka. Ki juye a ƙananan gwangwanaye, kar ki rufe sai ya huce.

Kafin ki shafa ko'ina ki gwada kaɗan a cikin gwiwar hannu ki barshi kwana ɗaya, in yayi ja ko ƙaiƙayi ba naki bane. Banda buɗaɗɗen ciwo, banda jarirai, mai ƙurajen fuska kuma ta tsaya a hannu da ƙafa don man kwakwa da kaki suna toshe ƙofofin fata. Na faso, ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ki goge da dutsen goge kaushi, ki tsane, ki shafa da kauri ki sa safa ki kwanta.

Ki rubuta ranar da kika haɗa a jikin murfin, yana kai wata shida zuwa shekara in ba'a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki ba. Da kin ji ya fara warin tsohon mai, ki zubar ki haɗa sabo.